Daga Tabarmar Mama Zuwa Bencin Sakandare

A watan Satumba na kowace shekara, mu malamai mukan tsaya a bakin ofis muna kallon sababbin 'yan aji ɗaya suna shigowa da akwatuna da bokitai. Yawancinsu sun gama firamare, sun saba da ƙararrawa da shiga layi. Amma wata shekara aka kawo mana yarinya mai shekara 12 wadda ba ta taɓa zama a bencin makaranta ba. Za mu ba da labarinta ba tare da ambaton suna ba, gama akwai gidaje da yawa da suke kan wannan hanya.

Ubanta mai bishara ne a wani ƙauye mai nisa. Makarantar da ta fi kusa da su tafiyar awa 2 ce a ƙafa, da damina kuwa rafi yakan datse hanya. Uwar ta yi sakandare, saboda haka ta shafa baƙin fenti a bangon zaure, ta sayi alli, ta zama malamar 'ya'yanta. Bayan addu'ar safe sai a shimfiɗa tabarma, a yi karatu da rubutu da lissafi har rana ta take. Shekara 6 suna haka.

Wannan damuwa ba sabuwa ba ce. Turawan mishan ma matansu sukan koya wa 'ya'yansu a gida, har aka buɗe makarantar Hillcrest a Jos a 1942, daga baya kuma mishan na SIM ya buɗe Kent Academy a Miango. Ko da aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya a 1976, ba kowane ƙauye makaranta ta kai ba.

ABIN DA TA ZO DA SHI

Gaskiya ɗaya ce, mun yi mamakin yarinyar. Tana karanta Hausa da Turanci ba gargada. Rubutunta tsaf. Labaran Littafi Mai Tsarki kuwa, har wasu daga cikinmu ta fi. Ba ta ƙarya, ba ta taɓa kayan kowa. Aikin uwarta bai faɗi ƙasa banza ba.

ABIN DA YA KUSA KA DA ITA

Matsalar ba ta ƙwaƙwalwa ba ce. A gida malama ɗaya gare ta, wadda ta san fuskarta, in ba ta gane ba sai a sake. A nan kuwa kowane darasi da malaminsa, bayan minti 40 ƙararrawa ta kaɗa, wannan ya fita wancan ya shigo. A gida sai ta gama aiki ake tashi. A nan ana goge allo tun ba ta kai rabi ba. Cikin yara 50 ba ta iya ɗaga hannu ta ce ba ta fahimta ba. Da dare a ɗakin kwana sai surutu da aiken manyan ɗalibai, ita da ta saba da shiru.

A gwajin farko ta amsa tambaya 4 daga cikin 10. Duka huɗun daidai ne, amma lokaci ya ƙare. Ba a taɓa koya mata yin aiki da agogo ba. Da aka kafe sakamako yara suka yi ta kiranta 'yar ƙauye. Ta daina cin abinci sosai. Mu ma muna da laifi, gama mako 5 suka wuce kafin mu lura da ita, don ba ta damun kowa.

Da aka yi hutun rabin zango ta ce wa iyayenta ba za ta koma ba. Ran Litinin sai ga uban a kan babur, ya zo kwasan kayanta.

Ya ce, "Malam, na kawo muku yarinya mai fara'a, kun mayar mini da ita kamar marar lafiya. Gara ta zauna wurin uwarta."

Muka ce, "Baba Mai Bishara, ba mu musa ba, mun yi sakaci. Amma Mama ta kai ta iyakar inda za ta iya. Wa zai koya mata kimiyya a zaure? Ku ba mu zuwa Kirsimati."

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce zai yi shawara da maiɗakinsa. Ashe ita ce ta fi shan wahalar rabuwar, duk safiya tana ganin gurbin 'yarta a kan tabarma. Duk da haka ita ce ta ce a mayar da yarinyar.

Muka sa ta a layin gaba. Wata malama ta riƙa ba ta aiki da agogo a kan tebur, minti 10, minti 20. Wata dattijuwa cikin zumuntar mata ta ɗauke ta kamar 'yarta, tana ziyartarta bayan sujada ran Lahadi. Ba a dare ɗaya abin ya gyaru ba. A ƙarshen zango tana tsakiyar aji, amma ta yi ƙawaye 2, ta kuma shiga ƙungiyar mawaƙa. Da Janairu ta zo, da kanta ta ɗaure akwatinta.

GA IYAYE MASU KOYARWA A GIDA

Da fari, ku fara shiri shekara guda kafin lokaci. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye nauyin ganin yaro ya gama shekara 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare. Ku je wurin hedmasta mafi kusa, ku ga littattafan aji 6, ku tambaya yadda yaro zai sami takardar shaida. In da hali, ya yi shekarar ƙarshe a aji tare da sauran yara, ko da a gidan dangi ne.

Na biyu, ku nemi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ku kuma adana littattafan aikin yaron. Su ne shaidar wahalarku a gaban shugaban makaranta.

Na uku, ku koya masa aiki da lokaci, da kwafe rubutu daga allo, da tsayawa ya yi magana a gaban mutane. Makarantar Lahadi wuri ne mai kyau na gwada wannan.

Na huɗu, ku faɗa wa malamai gaskiya tun ranar farko, cewa yaron daga gida yake. Kada kunya ta hana ku.

Na biyar, kada ku janye shi saboda hawayen farko. Amma in kun ji ana dukansa ko ana cutarsa, ku zo nan da nan, kada ku jira.

Mu tuna da Timoti. Kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki su suka dasa bangaskiya a zuciyarsa, amma ba su riƙe shi a gida ba sa'ad da lokacin tafiyarsa da Bulus ya yi. Daniyel ma ya yi shekara 3 yana koyon ilimin Babila, bai kuwa yar da abin da ya taso da shi ba. Dashen da ya yi saiwa a gida yakan yi yaushi in an sake masa wuri, amma in an ba shi ruwa zai miƙe.

Mu malamai kuma, mu duba layin baya, mu nemi yaron da ba ya magana. Ubangiji ya ba iyaye da malamai hikimar renon waɗannan 'ya'ya da ya ba mu amana. Amin.