Sasantawa Tsakanin Ma'aikata da Hukuma Sana'a Ce da Ake Koyo

Daga Wakilinmu

Duk ranar da aka garƙame ƙofar sakatariya saboda yajin aiki, tambayar da jama'a kan yi ba ta wuce nawa ma'aikata suka nema, nawa kuma gwamnati ta ce za ta iya biya. Ba kasafai ake tambayar ko mutanen da suka zauna a teburin shawarwari, wakilan ƙungiya da na hukuma, sun taɓa koyon aikin da aka ɗora musu ba. Alhali kuwa takardar da za su sa wa hannu ita ce abincin dubban iyalai na shekaru masu yawa.

Tarihin ƙwadago a ƙasar nan ya nuna irin hasarar da rashin jituwa kan jawo. A 1938 ne Turawa suka kafa dokar da ta halatta rajistar ƙungiyoyin ma'aikata. A 1945 aka yi yajin gama-gari na kwana 44 saboda tsadar rayuwar da Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo, inda Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ya yi fice. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, kuwa 'yan sanda suka buɗe wuta a mahaƙar kwal ta Iva Valley da ke Inugu, suka kashe ma'aikata 21, a kan rigimar da asalinta batun haƙƙoƙin aiki ne. A 1964 aka sake wani yajin gama-gari saboda jan ƙafar gwamnati game da rahoton Kwamitin Morgan kan albashi.

Bayan waɗannan abubuwa ne aka shimfiɗa dokokin da har yanzu ake aiki da su: dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1973, da dokar ƙwadago ta 1974, da dokar rigingimun ma'aikata ta 1976. A 1978 kuma aka haɗa ƙungiyoyi barkatai suka koma 42 a ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya, watau NLC, wadda Alhaji Hassan Sunmonu ya zama shugabanta na farko.

Dokar 1976 ta tsara matakai, kamar tsani. Da farko ɓangarorin biyu za su bi hanyar sulhu da suka riga suka amince da ita a tsakaninsu. In ta ci tura, su naɗa mai shiga tsakani. In ya kasa, a kai rahoto ga Ministan Ƙwadago, shi kuwa yana iya naɗa mai sulhu, ko ya miƙa maganar ga kwamitin yanke hukunci kan rigingimun ma'aikata. Wanda bai gamsu ba sai ya tafi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ɗaga matsayinta zuwa sahun manyan kotuna. Shugaban ƙungiyar da ya tsallake waɗannan matakai ya ba abokin jayayyarsa makami, domin sashe na 43 na wannan doka ya ba mai ɗaukar aiki ikon riƙe albashin kwanakin da aka yi ana yaji.

Haka nan akwai ƙananan ƙa'idoji da jami'in kula da ma'aikata bai kamata ya jahilta ba. Dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3 da kama aiki. Ta kuma ƙayyade wa'adin sanarwar sallama, daga kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, har zuwa wata 1 ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye. Amma ma'anar "ma'aikaci" a wannan doka ba ta haɗa da jami'an mulki da ƙwararru ba, abin da manyan ma'aikata da yawa ba su ankara da shi sai matsala ta taso.

Domin koyar da irin wannan ilmi ne aka kafa Cibiyar Nazarin Ƙwadago ta Ƙasa a Ilori, Jihar Kwara, wadda Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashinta a 1983, daga baya aka sa mata sunan Michael Imoudu. Tana ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, tana kuma karɓar wakilan ƙungiyoyi, da na kamfanoni, da na gwamnati. Hikimar wannan a fili take: mutanen da za su fuskanci juna gobe a teburi, gara su fara haɗuwa yau a aji. Ban da ita, jami'o'i irin su na Legas suna da sassan nazarin dangantakar ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki.

Wannan sana'a tana da rukunai uku. Na farko sanin doka. Na biyu lissafi, watau wakili ya iya karanta kasafin kuɗi, ya auna hauhawar farashi, ya san nawa ƙarin da ake magana a kai zai ci a shekara. Albashi mafi ƙanƙanta ya tashi daga Naira 125 a 1981 zuwa 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, da 70,000 a 2024, amma kowane lokaci gardama mai tsanani takan koma kan yadda ƙarin zai shafi sauran matakan albashi, kuma nan ne wanda bai iya lissafi ba yake shan kaye. Na uku rubutun yarjejeniya: wa zai yi me, a wace rana, da kuɗin ina, kuma me zai biyo baya in an saɓa.

Ɗalibai ba su bukatar a yi musu bayanin muhimmancin wannan rukuni na uku. Yarjejeniyar da Gwamnatin Tarayya ta ƙulla da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 2009, ta zama tushen jayayya na shekara da shekaru. A 2022 an rufe jami'o'i wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, sai da maganar ta kai kotu, gwamnati kuma ta riƙe albashin malamai. Ko laifin wane ne, ɗalibi ne ya rasa kusan shekarar karatu.

Saboda haka ya kamata gwamnatocin jihohi su tabbata duk jami'in da za a tura ya wakilce su a gaban ƙungiya ya sami horo tukuna, ba don girman muƙaminsa kaɗai ba. Ƙungiyoyi su ma su ware wani kaso daga kuɗin da ake yanka a albashin membobinsu domin ilimantar da shugabannin rassa, tun daga ƙananan hukumomi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin kwas na mako biyu bai kai hasarar rufe asibiti na yini ɗaya ba.