Yadda kwamfuta ke rubuta bayanin sabunta manhaja, da abin da ba ta iya gani

Duk lokacin da manhaja ta nemi a sabunta ta, takan zo da ɗan bayani: an gyara kaza, an ƙara kaza. A ayyuka da dama ba mutum ne ke zama ya rubuta wannan bayani ba. Kwamfuta ce ke tsamo shi daga kundin da ke ajiye tarihin kowane sauyi da aka yi wa manhajar.

Kundin da ya fi shahara shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 domin aikin Linux. Duk injiniyan da ya sauya wani layi yakan shigar da sauyin tare da suna, da lokaci, da gajeren bayani. Kowace shigarwa tana da lambar shaida da ke ɗaure da ta wadda ta gabace ta, saboda haka idan aka taɓa tsohon tarihi, lambobin da suka biyo baya duk sai su canza, a gane an yi maguɗi.

Domin kwamfuta ta iya rarrabe shigarwar, masu rubuta manhaja da yawa suna bin ƙa'idar Conventional Commits: sabon abu ya fara da kalmar feat, gyaran kuskure ya fara da fix. Idan za a fitar da sabuwar siga, sai a tattaro duk abin da aka shigar tun daga sigar baya, a kasa shi rukuni-rukuni. Daga nan ne ma ake sanya lamba: gyara zai mayar da 2.4.1 ta koma 2.4.2, sabon abu ya kai ta 2.5.0, sauyin da ya rushe tsohon tsari kuwa ya kai ta 3.0.0. A 2021 GitHub ya fara samar da irin wannan bayani kai tsaye.

Sai dai kwamfuta tana kwafo abin da injiniya ya ce ya yi ne, ba ta tantance gaskiyarsa. A ranar 29 ga Maris 2024, Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya fallasa ɓoyayyiyar kafar kutse a siga 5.6.0 da 5.6.1 na XZ Utils, manhajar matse fayil da ke cikin ɗimbin kwamfutocin Linux. Jinkirin kusan rabin daƙiƙa ne ya sa ya yi zargi. Mai amfani da sunan Jia Tan ya shigar da mugun kayan cikin kundin da sunan fayilolin gwaji, wani ɓangare kuma bai shiga kundin ba sam, sai a ƙunshin da aka rarraba.

Ke nan bayanin sabuntawa ikirari ne, tarihin sauye-sauye kuma hujja, ita ma sai an bincika. Wannan ya shafi duk manhajar da hukuma ta saya da kuɗin jama'a domin zaɓe, ko albashi, ko rajistar 'yan ƙasa. Idan aka sabunta ta, akwai tambayoyi uku da ɗan ƙasa ke da haƙƙin yi: me aka sauya, wa ya duba sauyin kafin a amince da shi, kuma abin da aka ɗora a na'urorin ya yi daidai da abin da ke cikin kundin?