Hudar milimita 2 da tankin lita 500: Lissafin ruwa a sana'ar wanke tagogi da doguwar sanda

A garuruwan Birtaniya, da yawa daga cikin masu wanke tagogi sun daina yawo da tsani ɗaure a saman mota kamar yadda aka san su shekaru 30 da suka wuce. Yau a ƙasa mai aikin yake tsayawa, riƙe da doguwar sanda mai zugewa gaɓa-gaɓa kamar eriyar rediyo, da burushi a samanta, da siririn tiyo da ke kai ruwa har jikin gilashi. Babu sabulu, babu tsumma, babu robar share ruwa. Ya goge, ya ɗauraye, ya bar tagar a jiƙe ya wuce, iska ta busar da ita tas. Abin da ya fi komai ƙanƙanta a cikin kayan aikin shi ne ɗan bakin feshin da ke tsakiyar burushin, wanda hudarsa ba ta wuce kaurin tsinken ashana ba. Amma a kansa masu sana'ar suka fi yin gardama, domin suna ganin shi ke yanke hukuncin ko tankin da ke bayan mota zai kai su la'asar, ko kuwa zai ƙafe tun azahar ba ta yi ba.

Dabarar tura ruwa ta cikin sanda ta daɗe. An yi amfani da sandunan alminiyam a Amurka tun shekarun 1950, da ruwan famfo da sabulu. A Birtaniya ne aka haɗa sandar da tataccen ruwa a shekarun 1990, sannan dokar aiki a wuri mai tsayi ta shekarar 2005 ta ƙara wa abin kasuwa. Dokar ba ta haramta tsani ba, sai dai ta wajabta wa mai ba da aiki ya kauce wa hawa sama matuƙar akwai hanyar yin aikin daga ƙasa. Faɗowa daga tsani ita ce babbar masifar wannan sana'a tun asali, don haka da aka samu sandar zaren kabon mara nauyi da ke kaiwa mita 20 ko sama da haka, wato kusan hawa shida, sai masu gine-gine da kamfanonin inshora suka karkata gare ta.

Sirrin aikin yana cikin ruwan. Ruwan famfo ko na rijiya, komai haskensa a ido, yana ɗauke da narkakkun ma'adinai irin su alli da gishiri, kuma idan ya bushe a kan gilashi su ne ke zama farin dabbare-dabbaren nan da kowa ya sani a jikin kofi ko madubin mota. Ana auna su da wata 'yar na'ura mai kamar biro da ake kira mitar TDS, wadda ke nuna kashi nawa ne na ma'adinai a cikin kashi miliyan na ruwa. Ruwan famfon Landan, wanda ke ratsa ƙasa mai alli, yakan nuna ɗaruruwa. Mai wanke taga yana neman sifili, kuma galibi da zarar mita ta haura 10 sai ya san tabo na nan tafe. Kada mai karatu ya haɗa wannan da fiya watan leda da muke sha. Sunan ne kawai ya zo ɗaya. Ruwan sha yana da ma'adinansa, kuma da za a wanke gilashin ofis da shi a bar shi ya bushe, zai iya barin shaida.

Raba ruwa da ma'adinansa yana cin kuɗi ta hanya biyu. Hanya ta farko ita ce matatar matsi da ake kira RO, irin wadda masana'antun ruwan leda da na gora ke amfani da ita, inda ake danna ruwa da ƙarfi ya ratsa wata fata mai tsananin laushin huda. Ba duk ruwan ke ratsawa ba. Wani kaso yana kwashe ma'adinan ya fita ta bututun shara, kuma a tsarin da aka saba gani, kan kowace lita ɗaya ta tataccen ruwa wata litar ko fiye da haka takan tafi kwata. Ƙananan matatu na gida ma sun fi haka ɓarna. Hanya ta biyu ita ce ƙwayoyin rezin, masu kama da tsakin gero, da ke tsotse ragowar ma'adinan har mita ta koma sifili. Rezin yana ƙoshi ya daina aiki, sai an sayi sabo, kuma gwargwadon yawan ma'adinan ruwa gwargwadon saurin mutuwarsa. Saboda haka litar da ta fito daga bakin feshi ta riga ta ci ruwa, ta ci wuta, ta ci rezin, sannan ta ci man mota, tunda kowace lita kilo ɗaya ce, tanki mai lita 500 kuwa rabin tan ne a bayan ƙaramar mota.

Bakin feshin iri biyu ne suka fi yawa. Akwai wanda suke kira fensir, mai fitar da ruwa siriri miƙe kamar zare. Burushi yakan zo da guda biyu, masu hudar milimita 2, wasu kuma su sa huɗu a faffaɗan burushi. Akwai kuma mai baza ruwa kamar buɗaɗɗen mafici, wanda ke rufe faɗin gilashi a lokaci guda. Daga baya an ƙaro wani ɗan bututu mai jerin ƙananan huda da ake ɗaurawa a saman burushi, don a riƙa ɗauraya ba tare da an ɗaga burushin daga jikin gilashi ba, abin da ke da muhimmanci ga mutumin da ke riƙe da sanda mai mita 15 tun safe, wuyansa a ɗage.

Wanne ya fi? Gilashin ne ke ba da amsa, domin ba halinsu ɗaya ba. Wani gilashin yana karɓar ruwa, ya shimfiɗu a kansa kamar labule ya gangaro da dattin gaba ɗaya. Irin gilashin nan mai wanke kansa da kamfanin Pilkington ya fitar a 2001 da gangan aka yi masa rufi don ya yi hakan. A kan irinsa, fensir biyu da aka ja daga gefe zuwa gefe a saman tagar sun isa. Wani gilashin kuma yana tunkuɗe ruwa, ya dunƙule ya zama ɗigo-ɗigo kamar a kan ganyen gwaza, ya gangaro ta ƙananan hanyoyi ya bar tsakaninsu ba a taɓa ba. A nan sai mai fensir ya bi gilashin layi-layi daga sama har ƙasa, mai mafici kuwa ya gama da shara biyu ko uku. Sai dai mafici yana da nasa aibin. Feshinsa yakan haura saman firam ya jiƙa bango ko ramin iska, daga baya ruwan ya sauko da ƙura a kan gilashin da aka riga aka gama. Kuma iska kaɗan ta ishe ta kwashe rabin feshin kafin ya taɓa taga, alhali zaren fensir yana da nauyin da zai kai inda aka nufa.

Inda gardamar ta fi ruɗewa shi ne zaton da sabon shiga ke yi cewa ƙaramar huda ita ce tattalin ruwa. Lissafin yana da sauƙi. Faɗin bakin huda yana tafiya ne da kaurinta sau kanta, don haka hudar milimita 1.4 tana da kusan rabin faɗin ta milimita 2, ta milimita 1 kuma kashi ɗaya cikin huɗu. Da a ce ƙarfin turi ne aka tsayar wuri guda, to ruwan da zai fita zai ragu da kusan wannan gwargwado. Amma yawancin motocin aikin suna da injin turi mai ƙarfin kusan bar 7, da wata na'ura da ake murɗawa don ƙayyade lita nawa za su fita a minti. Idan an saita ta a lita ɗaya da rabi a minti, kwatankwacin ledar fiya wata uku, to ruwan zai fita ta fensir biyu masu milimita 2 da gudun kusan mita 4 a daƙiƙa. A canja su da masu 1.4, litar ba ta ragu ba, gudun ne ya koma kusan mita 8. Ruwa mai irin wannan gudu yana dukan gilashi ya fantsamo baya, wani ya tashi sama ya jiƙa abin da ba a so. Ribar ƙaramar huda ita ce tana ba mai aiki damar rage murɗin na'urar ba tare da zaren ruwan ya yi laushi ya faɗi kafin ya isa gilashi ba. Idan bai rage ba, bai adana ko cokali ɗaya ba. Tsayi ma yana cin nasa rabon: kowace mita 10 da ruwa zai hau tana cinye kusan bar ɗaya na ƙarfin injin, shi ya sa saitin da ya wadatar a hawa na farko yakan zama ɗigo a hawa na biyar.

Rowar ruwa kuma tana da nata farashin. Burushi yana ɓamɓaro datti ne kawai. Abin da ke sauko da shi ƙasa shi ne yawan ruwan ɗauraya. Wanda ya matse famfo zuwa lita ɗaya ya kwashe daƙiƙa 90 a kan taga ya zubar da lita ɗaya da rabi. Wanda ya buɗe zuwa lita biyu ya gama cikin daƙiƙa 40 bai kai haka ba, ga shi ya riga shi isa taga ta gaba. Idan kuma ɗaurayar ba ta yi ba, gilashin ya bushe da tabo, mai gida ya kira a dawo, an gudu ba a tsira ba. A ganina wannan ne ya sa tsofaffin hannu suka fi damuwa da abin da ke rufe ruwa fiye da abin da ke feshe shi. Akwai wani ɗan makulli da ake sawa cikin sanda, wanda idan aka fizgi tiyo sau ɗaya ruwa ya tsaya, a sake fizga ya dawo. Mutumin da ke barin ruwa na zuba yayin da yake zuge sanda, ko kewaya mota, ko amsa gaisuwa, idan hakan ya tara awa ɗaya a yini a kan lita ɗaya da rabi, ya zubar da lita 90 na ruwan da ya sha wahalar tacewa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na tankinsa.

Batun ya wuce aljihun mai sana'a a shekarun fari. Dokar ruwa ta 2010 a Ingila ta lissafa wanke tagogin gidaje da tiyo cikin abubuwan da kamfanin ruwa ke da ikon hanawa na ɗan lokaci, kuma a farin 2022 kamfanoni irin su Thames Water da Yorkshire Water sun kafa dokar hana amfani da tiyo. Galibi akan ɗaga wa masu yin aikin a matsayin sana'a ƙafa, amma mutumin da ke feshin ruwa a jikin bene yayin da ciyawar maƙwabci ke ƙonewa yana bukatar ya san adadin litocinsa idan an tambaye shi.

Abuja gari ne na gilashi, kuma akasarin gine-ginen ma'aikatu da hukumomi ba su wuce tsayin da sanda ke kaiwa ba. Dogayen benaye irin na NNPC da Babban Banki sai da igiya ko kejin da ake saukowa da shi daga rufi. Jami'in da fayil ɗin kwangilar tsaftace gini zai biyo ta teburinsa yana da abubuwan dubawa da takwaransa na Landan ba ya fama da su. Na farko, daga ina ruwan zai fito? Ginin da ke samun ruwan madatsar Usuma ta hannun hukumar ruwa ta Babban Birnin Tarayya daban yake da wanda ya dogara da rijiyar burtsatse ko tankar haya, kuma burtsatse biyu a unguwa ɗaya na iya bambanta a mita. Gwajin bai wuce minti ɗaya ba, amma shi ne zai nuna ko rezin kaɗai ya isa, ko sai an kafa matata. Idan matata ce, to lita 500 a tanki tana nufin an ja 1,000 ko fiye daga ƙasa, wato jarka 40 masu lita 25, da wutar janareta. Ruwan sharar ba najasa ba ne. Yana iya wanke farfajiya ko ban ɗaki idan an tanadar masa tanki maimakon a sake shi a lambatu.

Na biyu shi ne hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura tana kwanciya a kan firam da bango, iska kuma ba ta cika tsayawa ba, yanayin da feshin mafici ya fi shan wuya a cikinsa. Wankin farko na ginin da ya daɗe ba a taɓa ba yakan ci ruwa ninki, domin sai an wanke firam ɗin sama an jira ya tsane kafin a koma kan gilashi, in ba haka ba jan ruwa zai riƙa saukowa. Gilashin da rana ta gasa kuma yana busar da ruwa mai datti kafin a kai ga ɗauraye shi, don haka ɓangaren gabas na gini ya fi dacewa da yamma, na yamma kuma da safe. Sandar kabon tana ɗaukar lantarki, saboda haka duk inda wayoyin wuta suka gitta kusa da bango dole a duba su kafin a ɗaga ta.

Takardar ɗan kwangila da ta ambaci kuɗi da yawan ma'aikata kaɗai ba ta amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wadda ta cika za ta nuna lita nawa a minti, tanki nawa a kowane zagaye, ina za a tace ruwan, da abin da mita ta nuna a bakin burushi ranar da aka fara aiki.