Sallar layya a Yamai: kwanon da ake jin kunyar kaiwa gidan iyaye

Duk wanda ya taɓa yin sallar layya a birnin Yamai ba ya manta hayaƙinta. Da an sauko daga idi, an yanka, an feɗe, sai a tsire ragunan a kan itatuwa biyu da aka gicciya, a jera su kewaye da wuta a bakin titi, maƙwabci kusa da maƙwabci, tun daga Bukoki har Talaje, daga Yantala har Gamkale. Haka za su yini suna gasuwa sannu a hankali, kitse na ɗiga, samari na juya su, har rana ta faɗi. Ranar farko ba a cika taɓa jikin ragon ba, kayan ciki ne ake soyawa a ci. Sai washegari ake yanyanka shi a raba wa dangi da maƙwabta da mabuƙata, abin da ya saura kuma mata su soya shi har ya bushe domin ajiya.

Wannan aikin maza ne, kowa na ganinsa. Akwai wani wanda ba a hangowa daga titi. A duk zuri'ar da ke da tsoho ko tsohuwa da rai, gidansu ne mahaɗa. Ɗiyan gidan da ke aure a wasu unguwanni, da matan ƴaƴa maza, kowace takan zo da kwanonta, ko ta aiko yaro da shi. Idan aka jera kwanonin nan bisa tabarma aka buɗe, sau da yawa abin da ke ciki kusan ɗaya ne: shinkafa da miyar tumatir, makaroni, kuskus na kanti, soyayyen dankalin Turawa, sai salad da aka lulluɓe da mayonez da ɗanyen wake na gwangwani. Kwano shida, cimaka iri biyu ko uku. Yara su ci abin da za su iya, manya su ɗan taɓa don kada a ce an raina, sauran ya kwana, da safe almajirai su samu idan bai lalace ba.

Ba don mata ba su iya wani girki ba ne. Kunya ce ta kawo haka. Matar ma'aikaci tana tsoron a ce mijinta ya gaza, matar ɗan kasuwa tana tsoron a ce kasuwa ta juya masa baya, saboda haka kowace ta fi son a ga abin da aka sayo da tsada ya fito daga ɗakinta. Alhali maigidan ya riga ya zube albashinsa, wani ma har da bashi, a kasuwar dabbobi ta Turaku. Ƴan kasuwa kuwa sun fi kowa sanin tafiyar da buhun shinkafa ke yi kafin ya iso Wadata ko Katako: daga ƙasashen Asiya zuwa tashar jirgin ruwa, daga nan a kamyo, kuma bayan rufe iyakar Benin a shekara ta 2023 kaya suka koma bin doguwar hanyar Lome da Burkina Faso, kowane kilomita da nasa kuɗin. Dattawa sun ga irin wannan a baya. A watan Janairu na 1994, da aka rage darajar kuɗin sefa da rabi, kayan kanti sun yi tashin gwauron zabo, a lokacin da ma'aikatan gwamnati ke bin bashin albashi na watanni. An yi ta kiran jama'a su koma ga cin abin da ƙasa ke nomawa. An koma ɗin, amma a ranakun banza kawai. Ranar salla, an ci gaba da ɓoye shi a madafa.

Zogala ta riga ta shiga gari

Abu ɗaya ne ya tsallake wannan shinge, wato zogala, wadda Zabarmawa ke kira windi-bundu. Kwaɗonta, wanda mutanen Yamai suka fi sani da sunan kopto, da dambun da ake haɗawa da shi, sun daɗe da zama cimakar birni. Ana noman ta rani da damina a gonakin bakin kogi, da kuma can Jiratawa ta jahar Maraɗi, likitoci na yabon ganyenta saboda sinadaran ƙarin jini da bitamin, har manyan ma'aikata kan aika a sayo musu ita daga ofis da rana. Wanda ya kai dambu da kopto gidan surukai yau ba ya jin nauyin kowa. To amma zogala tana da ƴan uwa da yawa waɗanda har yanzu suke tsaye a ƙofar gari.

Akwai rama, mai ɗan tsami. Ita ce ta fi dacewa da soyen layya, domin tsaminta yana yanke maiƙo, ya buɗe wa mutum baki bayan kitse ya ginshe shi. Akwai tafasa, wadda ke fitowa ko'ina da farkon damina, mata su tsinke ta tana ƙarama su shanya. Akwai gasaya da yaɗiya, masu ɗaci, waɗanda ba kowace mace ce ke iya sarrafa su ba. A nan ne gwaninta take. Yaɗiya, wadda ke yaɗo bisa ƙasa da shinge ko da rani ya tsananta, ana tafasa ganyenta da furenta, a zubar da ruwan farko, wani lokaci har na biyu, sa'an nan a matse sosai da hannu. Idan aka rage ruwa a ciki, kwaɗon zai yi caɓi, ƙuli-ƙulin ya jiƙe ya zama kunu. Idan kuma aka wuce wuri wajen tafasawa, ɗacin ya tafi gaba ɗaya, to, an yi asarar abin da ake nema, don ɗan ɗacin nan da ke saura a maƙogwaro shi ne daɗin yaɗiya. Bayan matsewa sai a barbaɗa dakakken ƙuli-ƙuli, gishiri, barkono, ɗan man gyaɗa, a yayyanka albasar Galmi ɗanya a kai. Masu son ƙamshin gargajiya kan saka ɗan daudawar batso, wadda ake yi da ƴaƴan yakuwa. Tumatir kuwa ba a yanka shi tun daga gida, sai an iso inda za a ci, don shi ne ke fara sakin ruwa.

Duk kayan nan ana samun su busassu a Katako wajen mata masu awo, kuɗin tiya guda bai kai na kwalbar mayonez ba. Amfaninsu a irin wannan rana kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Wanda ya kwana uku yana cin nama safe da yamma ya san yadda ciki ke ɗaurewa, ya kuma san abin da ganye ke yi masa.

Wake a cikin wata riga

Nijar ita ce ta biyu a duniya wajen noman irin waken nan namu, Najeriya kaɗai ke gabanta, amma a tabarmar salla wake bai cika samun wuri ba, sai dai na gwangwani da aka yo odarsa daga Turai. Dalilin da ake bayarwa shi ne yana cin lokaci da itace, ga shi kuma ranar duk murhu ya cika. Matan Arewa, wato ƙasar Dogon Dutsi, sun warware wannan matsala tun da daɗewa da abin da suke kira beruwa. Garin wake ne ake murzawa ya zama ƙananan tsaki kamar kuskus, a dafa, a shanya ya bushe ƙayau, ya yi watanni a ajiye bai canza ba. Ranar da ake so, ƴan mintoci kaɗan cikin tafasasshen ruwa sun isa. A tsane, a zuba mai da yaji da albasa, shi ke nan. Ƙungiyoyin mata na yankin suna ƙulla ta a leda su kawo Yamai, amma gidaje da yawa na Hausawan gabas ba su taɓa ɗanɗana ta ba, wasu ko sunanta ba su taɓa ji ba. Idan aka gutsuttsura soyayyar hanta da ƙoda a kanta, da wuya kwanon ya kai la'asar.

Tubani shi ma haka. Ƙullun wake ne ko na gurjiya da ɗan ruwan kanwa, a ƙunsa a ganye a turara, a ci da mai da yaji. Yana da wata fa'ida ga wadda za ta ratsa gari da kaya a taksi ko bayan babur: ba ya zuba, ba ya ɓata zanen salla. Ɗanwake kuwa, duk da daɗinsa, ba na tafiya ba ne, da ya huce ya daskare, gara a bar shi ga wadda ke girki a gidan da ake taruwa.

Maganar zafi ma tana ciki. Shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kwana 10 ko 11, don haka layya tana matsowa gaba kowace shekara. A 2024 ta faɗo tsakiyar watan Yuni, a 2025 makon farko na Yuni, daga nan kuma ta nufi watannin Mayu da Afrilu, inda za ta yi shekaru tana faɗowa, lokacin da zafin Yamai ke wuce awo 40, wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, firigo ya zama akwati. Salad mai ƙwai da mayonez da aka haɗa da hantsi, aka ratsa gari da shi, aka ajiye a rumfa har bayan azahar, ba abin ba yara ba ne. Kwaɗo da beruwa da tubani an ƙirƙiro su ne a ƙasar da ba ta san firigo ba, sun fi jure yini.

Anza, wadda ba a son ambata

Akwai wata cimaka da sunanta kaɗai kan sa dattijo ya yi shiru. Anza ƙaramin icce ne da ke zama kore ko da fari ya ƙone komai. Ƴaƴanta, waɗanda ake kira dilo, suna da ɗacin da ba ya haɗiyuwa, kuma cin su haka nan yana cutarwa. Sai an ɓare, an jiƙa kwana da kwanaki ana sauya ruwa, har ɗacin ya fita, kafin a dafa su kamar wake. Da ita ƙauyuka da yawa suka rayu a yunwar 1973 da 1974, da ta 1984 wadda ake kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, da kuma ƙarancin cimaka na 2005. Saboda haka a idon mutane da yawa anza ba abinci ba ce, alamar baƙar shekara ce, kuma ba a zargin wanda ya binne ɗa a irin wannan shekara idan ya ƙi kallon ta.

Amma dilon da aka gyara shi da kyau, aka dafa ya yi laushi, aka zuba masa mai da yaji, abinci ne mai riƙe ciki da gina jiki, ba ya jin kunyar zama kusa da wake. A Damagaram, kamfanin Sahara Sahel Foods yana sayen ƴaƴan anza daga matan karkara, ya wanke ɗacin, ya sayar da su a ƙunshe, har da garinsu. Ke nan wahalar jiƙon ta ragu ga mutumin birni. Abin da ya rage shi ne sanin gidan da za a kai ta. Inda tsohuwar gida ta fito daga Damargu ko Adar, tana iya karɓar kwanon da murna, ta zaunar da jikoki ta ba su labarin da ba a koyarwa a lakwal. Tana kuma iya ganin an yi mata gori. Surukar da ke da hankali takan fara tambayar uwargida ko babbar ɗiyar gidan tun ana sauran kwanaki, ta ce: Inna, ko Yaya, me za a so in kawo? Wannan tambaya ita ce kuma ke hana mutum shida su zo da shinkafa.

Amaryar bana dai ba a ba ta shawarar ta fara da anza ko gasaya. Idon dangin miji yana kanta, za a ce rowa ce ko rashin iya girki. Ita ta kai shinkafarta yadda aka saba, ta ɗora ƙaramin kwanon kwaɗon rama a gefe kamar abin da ba ta damu da shi ba. Wadda ta shekara goma a gidan, ta haihu, ta san halin kowa, ita ke da ikon zuwa da akushin beruwa shi kaɗai.

Kayan maraice ba su da wannan matsala. Dakuwar aya, wadda jahar Maraɗi ta shahara da noman ayarta, da alkaki da nakiya da aka mayar kayan buki kawai, duk suna jure kwanaki. Ruwan tsamiya ko lemu-hari mai citta sun fi lemon kwalba sauƙar da nama. Sai cuku, busasshen nonon nan mai faɗi kamar takarda da ake kawowa daga Abalak da Tukunus. Idan dare ya yi, wutar gashi ta zama garwashi, an shigar da raguna cikin gida, maza sukan ɗora butar shayi a kan sauran garwashin. A ɗan gasa cukun a gefen wutar har ya yi laushi, a kakkarya, a miƙa wa tsoho nasa tare da kofin farko.