Giyar Ganga da Giyar Kamfani: Gardamar da Ta Ƙi Mutuwa a Ingila

A watan Maris na 1971 wasu samari huɗu 'yan Ingila, akasarinsu 'yan jarida, suka tafi hutu yammacin ƙasar Ailan. Hirarsu a wannan tafiya ba ta wuce ƙorafi kan giyar ƙasarsu ba: duk mashayar da mutum ya shiga, abu guda zai tarar, mai sanyi, mai yawan gas, salam a baki. Kafin su koma gida sun kafa ƙungiyar da aka sani yau da CAMRA, domin kare giyar gargajiya daga ta manyan kamfanoni. Yau shekara hamsin da ɗoriya, mambobinta sun haura 100,000, kuma ƙurar da ta tayar ba ta lafa ba.

Mafi yawan masu karanta wannan shafi ba sa shan giya, hukuncin addini a kanta kuwa a fili yake. Amma labarin ya fi ƙarfin teburin mashaya. Akwai kimiyya a cikinsa, akwai yadda masana'anta ke haɗiye sana'ar hannu, akwai kuma yadda talla da kasuwa ke horar da harshen mutum har ya ɗauka shi ya yi wa kansa zaɓi.

Inda hanya ta rabu

Farkon aikin ɗaya ne. Ana jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, a busar, a ɓarza, a zuba masa ruwan zafi domin garin ya koma zaƙi. Sai a tace ruwan, a tafasa shi da furen wani tsiro mai ɗaci da ake kira hops, wanda ake nomawa a yankunan Kent da Hereford. Idan ya huce a zuba yis. Yis halitta ce mai rai: tana cin zaƙin, tana fitar da barasa da iskar gas. Daga nan ne hanya ke rabuwa biyu.

Giyar ganga tana barin masana'anta ne kafin ta gama nuna. Ba a tace ta, ba a dumama ta. Da sauran yis mai rai a ciki da ɗan ragowar zaƙi, don haka aiki na ci gaba a cikin gangar har bayan ta isa mashaya. Gangar kanta ba lallai ta katako ba ce. Galibinsu yanzu na ƙarfe ne. Wadda aka fi amfani da ita tana cin galan 9, wajen lita 41, wato kofi 72 na ma'aunin Ingila mai mililita 568.

Sauran aikin na mai kula da ɗakin ƙarƙashin ƙasa na mashayar ne. Zai kwantar da gangar a kan maɗauki, a sanyin da bai gaza digiri 11 ba, bai kuma wuce 13 ba. Zai huda toshiyar da ke bayanta ya cusa wani ɗan tsinken itace mai laushi, wanda ke barin rarar gas ta tsiyaye a hankali. In gas ta daidaita sai ya sauya shi da tsinke mai tauri. Zai ɗauki guduma ya buga famfo a bakin gangar da bugu ɗaya mai ƙarfi, don in ya yi sanyin hannu giyar ce za ta wanke masa riga. Sannan ya jira kwana ɗaya, biyu ko fiye, har yis ya kwanta. Abin da ke taimaka wa kwanciyar wani danƙo ne da ake samu daga jakar iskar da ke cikin kifi. Yana manne wa ƙwayoyin yis ya ja su ƙasa, ruwan ya washe. Sai ya ɗebo a kofi, ya ɗaga wajen haske, ya sunsuna, ya ɗanɗana. In ya gamsu, sai a fara jawo ta sama da famfon hannu, irin wanda Joseph Bramah ya yi wa rajista tun 1797.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. Duk kofin da aka ja, iska ce ke shiga ta cike gurbinsa, kuma iska na tafe da ƙwayoyin da ke mayar da barasa ruwan tsami. Gangar da aka buɗe kwana uku take da shi, ko ɗan fiye. In ciniki bai tafi ba, sai a zubar.

Giyar kamfani ba ta san wannan wahala ba. Ana barin ta ta gama nuna a manyan tankuna, a tace yis ɗin tas, galibi a dumama ta domin kashe duk abin da ya rage da rai, a ɗura mata gas, a rufe a kwalba ko gwangwani ko tulun ƙarfe da iska ba ta shiga. A mashaya, tukunyar gas ce ke turo ta zuwa famfo. Tana iya yin makonni ko watanni ba ta sauya ba, kuma yaron da ya fara aiki jiya zai iya zuba ta daidai da wanda ya shekara talatin.

Kimiyyar da ta ba kamfani ƙarfi

Binciken ƙarni na 19 ne ya share wa kamfanoni hanya. A 1842 aka fara yin giya mai launin zinariya a garin Pilsen na ƙasar Cek ta yau, wadda ita ce kakar yawancin giyar kwalba da ke yawo a duniya, irin da ake kira laga. Yis ɗinta daban ne: yana aiki a cikin sanyi, a hankali, yana kwantawa ƙasa, ba ya barin ƙamshi mai yawa. Na giyar Ingila kuwa a ɗumi yake aiki, da sauri, yana tasowa sama, yana barin ƙamshi kamar na 'ya'yan itace.

A 1876 Louis Pasteur na Faransa ya wallafa bincikensa kan giya, inda ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke lalata ta. A shekarun nan ne Carl von Linde na Jamus ya ƙera injin sanyaya da masu yin giya suka runguma, aka daina dogaro da ƙanƙarar hunturu. A 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken kamfanin Carlsberg a Denmak, ya ware tsantsar yis iri ɗaya ya raine shi. Da waɗannan uku, kamfani ya iya yin giya mai ɗanɗano guda rani da damina, a kowace nahiya.

Adalci ya sa a faɗa cewa matsala ta gaske suka magance. Kafin zuwan tulun ƙarfe, mai mashaya malalaci kan sayar wa jama'a giya mai tsami da gurɓata, wani ma ya mayar da ragowar jiya cikin ganga. Kuma yin laga marar aibi ba ƙaramin aiki ba ne, domin ba ta da ƙamshi mai ƙarfi da zai ɓoye kuskure.

Mai mashaya shi ne mai zaɓi

Abin da ya fusata samarin 1971 shi ne rashin zaɓi. A shekarun 1960 kamfanonin giya na Birtaniya suka yi ta haɗiye juna har manya shida suka mamaye kasuwa: Bass Charrington, Allied, Whitbread, Watney Mann, Courage, da Scottish & Newcastle. Ba giya kaɗai suke yi ba, dubban mashayu ma nasu ne, kuma wanda ya yi hayar mashayarsu dole giyarsu zai sayar. Suka ciccire famfunan hannu, suka kafa na gas, suka zuba kuɗi a talla. Giyar Watneys Red Barrel ita ce ta zama abin zolaya a bakin masu adawa.

CAMRA ta yi amfani da makaman da take da su. Ta fara buga littafin shekara-shekara mai nuna mashayun da ke kula da ganga yadda ya kamata, ta yi zanga-zanga a ƙofar ƙananan masana'antun da za a rufe, ta kuma fara babban bikinta na ƙasa a Landan a 1977. A 1989, bayan rahoton hukumar hana babakere, gwamnati ta tilasta wa duk kamfanin da ke da mashayu sama da 2,000 ya saki rabin abin da ya haura wannan adadi, ta kuma ba masu haya damar sayar da giyar ganga ɗaya daga waje. Sai dai an gudu ba a tsira ba: sababbin kamfanoni masu mallakar mashayu kawai suka saye su, suka ci gaba da ɗaure masu haya. A 2002, lokacin Gordon Brown na ministan kuɗi, aka rage wa ƙananan masu yin giya rabin haraji. Wannan ya fi komai tasiri, domin cikin shekara goma sha biyar adadin masana'antun giya a ƙasar ya kai wajen 2,000.

Duk da haka kasuwa ba ta koma gidan jiya ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 laga ta sha gaban giyar gargajiya a Birtaniya, kuma rabon giyar ganga sai raguwa yake. Kullen korona na 2020 ya fi yi mata illa, domin ita kaɗai ce ba a iya kai wa mutum gida a kwalba ta zauna yadda take. Miliyoyin kofuna aka zubar. A 2019 Fuller's, tsohon gidan giya na Landan, ya sayar da sashen yin giyarsa ga Asahi na Japan kan fam miliyan 250. A 2024 aka dakatar da tsohon tsarin jerin gangunan katako da gidan Marston's ke nunar da giya a ciki a garin Burton. A duniya kuwa, tun da kamfanin AB InBev ya haɗiye kamfanin SABMiller a 2016, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na giyar da ake sha daga hannun kamfani guda take fitowa.

Harshe da abin da aka koya masa

Mai son ganga zai ce laga ba ta da ɗanɗano. Mai son laga zai ce giyar ganga ɗumi gare ta, kuma ta mutu. Kowanne na da hujja a kimiyyance. Sanyi mai tsanani na dushe zaƙi da ƙamshi, gas mai yawa kuma na tsikarar harshe, shi ya sa laga ke ba da jin wartsakewa ba tare da ɗanɗano mai zurfi ba. Giyar ganga gas ɗinta wajen rabin na laga ne, kuma sanyinta na rijiya ne, ba na firji ba, don haka ɗacin hops da zaƙin tsiro ke fitowa sosai. Ruwa ma na da hannu: na Burton na ɗauke da ma'adinin jifsam, wanda ke ƙara wa ɗacin kaifi, har masu yin giya a wasu garuruwa suka koyi zuba shi a nasu ruwan.

Sauran kuwa sabo ne. A arewacin Ingila ana ɗaura wa bakin famfo wani ɗan murfi mai ƙananan huji domin giya ta fito da kumfa mai kauri. A kudu da yawa na ganin ɓata ta aka yi. Kowa na rantsuwa da abin da ya taso ya tarar. A 1964 wasu masu bincike biyu a Amurka, Allison da Uhl, suka ba mashaya giyar kamfanoni daban-daban a kwalaben da aka cire wa suna. Galibinsu suka kasa gane wadda suke cewa ita ce tasu. Da aka mayar da sunayen, nan take kowa ya ga tasa ta fi. Wani abin mamaki kuma, giyar ganga, duk da yawan aikinta da saurin lalacewarta, sau da yawa ta fi laga araha a mashayun Ingila, domin an daɗe ana kallon ta a matsayin abin shan dattawa, ita kuwa laga tana haskawa a filayen ƙwallo.

Wannan rabuwa ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Burukutun da ake dafawa da tsiron dawa a sassan Filato da Binuwai da kudancin Kaduna, da fito na arewacin Gana, giya ce mai rai: ba a tace ta sosai, tana ci gaba da tashi a tukunya, kuma ba ta jure kwanaki. Gefe guda ga giyar kwalba, tun daga Star da aka fara yi a Legas a 1949. Da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin ma dawa suka koma wa. Hatsi ɗaya, hanya biyu, kuma wadda ke jure tafiya a mota ita ta cinye kasuwa.

Abin da kalmar gargajiya ba ta sauyawa

Akwai abin da masu kirarin ganga ba su cika faɗa ba. Barasar da ke cikinta ita ce dai a cikin laga, kuma ƙarfinsu kusan ɗaya ne, wajen kashi 4 zuwa 5 cikin 100. Hanta ba ta tambayar ko da famfon hannu aka jawo. Tun 2016 manyan likitocin gwamnatin Birtaniya ke gargaɗin kada mutum ya wuce abin da ya kai kimanin kofi shida a mako, kuma a farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da za a kira marar haɗari. Barasa na cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Ta wannan fuska, ganga da kwalba duk kanwar ja ce.

Darasin da ya rage mana na sana'a ne. Abin ci ko sha mai rai yana buƙatar gwani a wurin sayarwa, da mai saye da ya san bambanci. Kamfani ba ya cin nasara don kayansa sun fi daɗi. Yana ci ne don kayansa ba sa lalacewa, suna ko'ina, kuma shi ke da bakin talla. Haka ɗunƙulen kamfani ya ture daddawa daga tukwanen miya da yawa a biranenmu. A Ingila giyar ganga ta kai yau ne saboda masu saye sun haɗa kai, sun rubuta sunayen masu yi da kyau, sun matsa wa gwamnati ta sassauta wa ƙananan masu sana'a haraji. Duk wanda ke son abincin gargajiyarsa ya ɗore, hanyar ke nan: ya saya, ya biya farashin gwaninta, ya kuma buɗe baki ya yi magana tun kafin mai yin ya rufe rumfa.