Wayar Hannu Ta Shiga Aikin Koya wa 'Ya'yan Zango Hausa

Duk wanda ya zauna a Nima ko Sabon Zango a Ankara, ko Aboabo a Kumasi, ya san yadda harshen yaranmu yake a yau. Yaro zai fara magana da Hausa, ya ratsa ta Tonanci, ya ƙarasa da Turanci, duk cikin numfashi guda. Ba laifinsa ba ne. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Gana ta ware don koyarwa a makarantun boko, saboda haka abin da yaro ya tsinta a tsakar gida da makarantar allo da kasuwa shi ke nan jarinsa.

Da can rediyo ne malaminmu. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, shekarar da Gana ta samu 'yancin kai, Muryar Amurka kuma ta biyo baya a 1979. Dattawa kan kewaye akwati ɗaya bayan sallar isha'i, in an gama labarai sai a shiga gardama kan wata kalma da aka ji. A wurin gardamar nan yara suka fi ƙaruwa, don kuwa shi akwatin ba ya amsa tambaya.

Yanzu abin ya koma cikin waya. Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara a ƙarshen 2013, ƙamus ɗin Bargery na 1934 ma yana kan intanet kyauta. Lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, iyaye da dama sun miƙa wa yara waya don kada karatu ya tsaya, kuma har yau ba ta dawo hannun iyayen ba.

Amfaninta a fili yake. Yawancinmu a nan ba ma bambanta "k" da "ƙ" a baki, ga shi kuwa kasa aiki daban, ƙasar haihuwa daban. Waya tana da waɗannan haruffa masu lanƙwasa, kuma yaro na iya maimaita sauraron muryar Bakano sau goma ba tare da an gaji da shi ba.

To amma akwai inda gizo ke saƙar. Hausar da ke cikin na'ura ta Kano ce. Tamu ta zango ta daɗe da barin bambancin namiji da mace a wurare da yawa, mukan ce "mace ya zo" ba wanda zai ɗaga kai. A gidanmu na ga 'yar ƙanena, bayan wata biyu tana koyo ta waya, ta gyara wa kakarta magana a gaban baƙi. Tsohuwa ba ta ce uffan ba, amma kwana uku ba ta yi wa jikokin tatsuniya ba. Wannan asara ta fi ribar harafin da yarinyar ta koyo, domin wurin tsohuwar nan kaɗai za ta ji yadda ake gaida mai jego, da abin da ake faɗa a gidan rasuwa, da dalilin da ya sa ba a kiran sunan ɗan fari.

Dabarar da muka yi daga baya mai sauƙi ce. Aka ba yarinyar aikin ɗaukar muryar kakarta da wayar, ta rubuta abin da ta ji yadda aka faɗe shi, sannan ta nemo yadda Kanawa ke faɗa ta rubuta a gefe. In ta ci karo da kalma irin "fari", wadda rubutu ba ya nuna ko launi ake nufi ko rashin ruwan sama, dole ta koma ta durƙusa ta tambaya. Ana kuma tura muryar ta WhatsApp ga 'yan'uwa a Tamale da Jamus, su ma su aiko da tasu.

Malaman makarantun allo za su iya gwada wannan ranar Alhamis da ba a karatu. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan: Alhaji Umaru na Kete Karaci, wanda ya rasu a 1934, da ajami ya rubuta Hausarsa, almajirai suka kwafa hannu da hannu. Tsohuwar tamu dai yanzu ita ke tambaya ko an yi cajin waya kafin ta fara "ga ta nan ga ta nanku".