Gasannin Safari Na Ƙwallon Lambu: Yadda Kasuwarsu Ta Tashi Kafin Abuja Ta Shigo

Abuja: Filin ƙwallon lambu, wato golf, na IBB da ke Maitama yana daga cikin mafi kyawu a Afirka ta Yamma. An buɗe shi a 1991, shekarar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta tare a Abuja, yana kuma da ramuka 18. Amma bayan shekara biyu kacal da buɗe shi, sai jerin gasannin ƙwararru da ake kira Safari, wanda shi ne ke kawo manyan 'yan wasa Nijeriya, ya zo ƙarshe. Dalilan haka na kasuwanci ne, kuma sun shafi duk mai niyyar zuba jari a harkar wasanni.

Asalin Safari buƙata ce ta 'yan wasan Birtaniya. Idan hunturu ya shiga Turai gasanni kan tsaya, alhali ƙwararre ba shi da albashi sai abin da ya ci a fili. Saboda haka tun daga shekarun 1970 suka riƙa zagayawa ƙasashen Afirka masu rana, suna buga gasa ɗaya bayan ɗaya a Nijeriya, Kenya, Zambiya, Kwaddibuwa, daga bisani kuma Zimbabuwe. Kowace gasa ramuka 72 ce a kwana huɗu, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya yi nasara. A ƙarshen kaka akan haɗa kuɗin da kowa ya ci a fitar da zakara.

Kason Nijeriya shi ne Buɗaɗɗiyar Gasar Nijeriya, wadda aka fara a 1969, akasari a kulob ɗin Ikoyi da ke Legas. A wancan lokaci kewayen ramukan filin ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka cuɗa da mai aka daddaɓe. A nan Sandy Lyle ya ci gasarsa ta farko a matsayin ƙwararre a 1978, shekara goma kafin ya ci gasar Masters ta Amurka. A nan Peter Tupling na Ingila ya gama da bugu 255 a 1981, wato ƙasa da adadin da aka ƙayyade da bugu 29, abin da ya zama tarihi a duniya a lokacin. Vijay Singh na ƙasar Fiji ya ci gasar a 1988 da 1989, kuma a 2004 ya zama na ɗaya a duniya.

Abin lura ga 'yan kasuwa shi ne inda kuɗin ke fitowa. Kuɗin ƙofa ba ya riƙe irin wannan gasa. Kamfanoni ne ke ɗaukar nauyi, su kuwa ribarsu ita ce talla da damar zama da manyan abokan hulɗa. Ɗan wasa shi ke biya wa kansa jirgi da masauki, don haka tafiya ba ta biyan buƙata sai idan akwai gasanni da dama a jere. Kenan jerin ne hajar, ba gasa guda ba.

Abubuwa uku suka raunana wannan tsari. Na farko, faɗuwar darajar kuɗi. Kafin shirin gyaran tattalin arziki na 1986 Naira ta fi Dala daraja, amma zuwa 1993 Dala ɗaya ta kai wajen Naira 22 a farashin gwamnati. Kamfanin da ke ciniki da Naira ya ga ladan da zai jawo baƙo ya ninka masa sau da yawa. Na biyu, wasu kasuwanni sun buɗe. Dubai ta fara babbar gasarta a 1989, Afirka ta Kudu kuma ta dawo cikin wasannin duniya da wariyar launin fata ta kau, duk a lokacin hunturun da Safari ke taƙama da shi. Na uku, daga 1990 an saka gasannin cikin rukuni na biyu na Turai mai suna Challenge Tour, kuma bayan 1993 sunan Nijeriya ya fita daga jadawalin. Rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, da dakatar da ƙasar daga ƙungiyar Kwamanwel a 1995 sun ƙara nisanta baƙi.

An mayar da gasar filin IBB daga 1997 zuwa 1999. Fili ya samu, ciyawa shar, masaukai na kusa, amma jerin da zai riƙe gasar babu shi, kuma daga nan ta tsaya.

Kenya ta bi wata hanya dabam. Ta ci gaba da riƙe gasarta, wadda aka fara tun 1967, a rukuni na biyu shekara da shekaru, har aka ɗaga ta zuwa babban rukunin Turai a 2019, tare da goyon bayan gwamnati wadda ke tallata yawon buɗe ido da ita. Abuja tana da fili da otal-otal da filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa. Abin da ya rage shi ne kamfanonin da za su ɗaure alkawarin shekaru, ladan da canjin kuɗi ba zai cinye ba, da kuma daidaita jadawali da maƙwabta irin su Gana da Kwaddibuwa.